Yadda ake shuka soso a gida

Ki samo busasshen soso ki girgiza, baƙaƙen 'ya'yansa za su zubo. Zaɓi masu kauri ki jiƙa su kwana a ruwa, don ɓawonsu na da tauri.

Idan damina ta zauna, wajen watan Yuni, sai ki haƙa rami a gindin katanga inda rana ke bugawa sosai, ki cakuɗa ƙasar da ruɓaɓɓen takin awaki. Ki sa ƙwaya 3, zurfin gaɓar yatsa. Cikin sati 2 za su tsiro, ki bar ɗaya mafi ƙarfi. A kewaye shi da ƙaya saboda akuya.

Wajen abin da zai hau ne mutane ke kuskure. Soso yakan yi yaɗo har mita 9, ɗanyun 'ya'yansa kuma da nauyi. Dangar kara ba ta iya ɗaukarsa, iskar hadari ɗaya sai ki tarar da ita kwance. Ki sa a kafa rumfa da azara, ki ɗaura igiya daga gindinsa zuwa sama. Da ya kama, shi zai ƙarasa da kansa. Inuwar ma riba ce, ni a ƙarƙashinta nake tankaɗe.

Idan ya fitar da fure ruwan ɗorawa, kada ki yi feshi, ƙudan zuma ne ke sa shi 'ya'ya.

Ki bar su a jiki har su bushe su yi sakayau, ki ji ƙwayoyin na ƙara a ciki. Sannan ki tsinko, ki ɓare, ki wanke, ki shanya.