Yadda ake canza tagar rufin motar tafi-da-gidanka, a liƙe ta ta daina yoyo

Motar tafi-da-gidanka, wato irin wadda ake kwana a ciki, a yi girki, a yi wanka, kamar yadda ta yawaita a Amurka da Turai, ba ta cika lalacewa ta wajen inji ba. Ruwa ne ke kashe ta, kuma yawanci ta gefen tagogin rufi yake shiga. Rana tana busar da murfin filastik har ya fara tsagewa, gam ɗin da ke kewaye da tagar ya dare, ruwa ya riƙa tsiyaya cikin katakon da ke ƙarƙashi shiru-shiru. Kafin tabo ya bayyana a silin, sau da yawa katakon ya riga ya ruɓe.

Kafin ka sayi komai, hau ka duba ko murfin ne kawai ya mutu. Idan firam ɗin tagar lafiya yake, kuma gam ɗin gefensa bai tsage ba, murfi kaɗai za ka canza, aikin minti ashirin ne. Sai dai hinjin kowane kamfani daban yake, don haka ka cire tsohon ka tafi da shi wurin saye. Idan kuwa leɓen tagar da ke kwance a kan rufi ya fashe, ko rufin yana lotsawa idan ka danna gefenta da tafin hannu, to dole a tumɓuke ta gaba ɗaya.

Auna ramin ta ciki bayan ka cire adon da ke manne da silin. Motocin Amurka kusan duka inci 14 ne tsawo da faɗi, wato kimanin santimita 35.5, kuma tagogin MaxxAir da Fan-Tastic da Ventline a kan wannan awo ake ƙera su. Na Turai kuwa santimita 40 da 40 ne ya fi yawa, kamar na Fiamma da ƙaramar Heki ta Dometic. Tagar Amurka ba za ta zauna daidai a ramin Turai ba sai da firam na cike giɓi. Auna kaurin rufin shi ma, domin da shi za ka san tsawon adon cikin da za ka yanke.

Abin da ya fi ɓata wa mutane aiki shi ne rashin sanin irin rufin da suke tsaye a kai. Waɗanda suka fi yawa iri huɗu ne: shimfiɗar roba ta EPDM, shimfiɗar filastik mai laushi ta TPO, faiba, da alminiyam. Idan ka cire adon ciki za ka ga bakin shimfiɗar an lanƙwaso shi cikin ramin. In samansa fari ne ƙasansa baƙi, EPDM ce. In launi ɗaya ne sama da ƙasa, galibi TPO ce. Wannan shi zai gaya maka gam ɗin da za ka saya da abin da za ka yi goge da shi. Fetur da kananzir da tina suna kumbura EPDM, su ɗaga ta daga jikin katako, kuma in ta kumbura ba ta cika komawa yadda take ba. Sabulu da ruwa, sai sifirit a tsumma, sun wadatar.

Kayan aiki ba su da yawa: sabuwar taga, naɗi ɗaya na tef ɗin butil (tef ne na roba mai laushi da danƙo) mai faɗin kamar inci ɗaya, kwalba biyu na gam mai bajewa da kansa irin Dicor 501 (kowace tana ɗauke da kimanin mililita 300), bindigar gam, makankari na filastik, sukurudireba, sababbin sukuru marasa tsatsa lamba 8 masu tsawon kamar inci ɗaya, da tsani. A Turai, inda rufin faiba da alminiyam ya fi yawa, da gam ɗin Sikaflex ko gam ɗin butil mara bushewa aka fi aiki, kuma tagogi da dama can matse su ake yi daga ciki da firam biyu, ba a huda rufi. Gam ɗin silikon na bandaki dai kada ya kusanci rufin nan. Ba ya kama roba da kyau, kuma bayan ya bushe babu wani gam da zai zauna a kansa, har shi kansa silikon ɗin. Wanda ya gaji mota da aka shafa wa silikon sai ya kankare shi kakaf kafin ya yi wani abu.

Zaɓi ranar da babu hadari, ka fara da safe kafin rufi ya yi zafi. Idan motar ba ta da tsanin kanta a baya, wataƙila ba a yi rufinta don a taka ba. Shimfiɗa falanki mai faɗi a kan tsohon bargo domin nauyinka ya rarrabu. In tagar mai fanka ce, zare fiyus ɗinta ko ka cire batir, sannan ka kwance wayoyin ta ciki.

A sama, gam ɗin da ya daɗe ya binne kawunan sukuru. Kankare shi a hankali, makankarin yana kwance, kana tura shi wajen tagar ba wajen rufi ba, saboda ko ya zame ya sami abin da za a jefar. In gam ɗin ya yi tauri, ɗumama shi kaɗan da na'urar busar da gashi. Kwance sukuru duka, kana lura da kowanne. Wanda ya fito da tsatsa ko ya juya a banza ba tare da ya kama ba, nan ne ruwa ke shiga. Sai ka cusa makankarin ƙarƙashin leɓen tagar, ka bi gefe-gefe kana ɗagawa. Kada ka fizge, domin tsohon butil yana iya tahowa da shimfiɗar rufin.

Yanzu ramin ya buɗe, ka tsaya ka dubi katakon da kyau. Soka masa bakin sukurudireba. In ya yi tauri, ci gaba. In ya nutse, ko katakon ya yi baƙi yana wari, sabon sukuru ba zai kama a ciki ba, kuma duk gam ɗin da ka zuba a kai asara ce. Ɗan jiƙa kaɗan ana iya barinsa ya sha iska kwana ɗaya ko biyu. Ruɓaɓɓe sai an yanke an dasa sabon katako. Ramin sukuru da ya yi faɗi kawai, a cike shi da tsinken katako da gam ɗin kafinta, ko a yi amfani da sukuru lamba 10.

Goge wurin da leɓen zai zauna, har da inci biyu ko uku a kewayensa, sai tsumma ya daina ɗauko datti. Bar shi ya bushe sarai. Ƙura ko laima kaɗan ta isa ta hana gam kamawa, kuma a nan mafi yawan yoyon da ke dawowa bayan wata shida yake samo asali.

Tef ɗin butil shi ne ainihin abin da ke tare ruwa. Gam ɗin sama kariya yake ba shi daga rana. Juya tagar, ka manna tef ɗin a ƙarƙashin leɓen, daidai kan ramukan sukuru, domin kowane sukuru ya ratsa ta cikinsa ya tafi da shi cikin ramin. Kada ka ja shi ya miƙe, zai sirance. A kusurwa ka lanƙwasa shi maimakon yankewa, inda ƙarshensa biyu suka haɗu kuma ka ɗora ɗaya kan ɗaya kaɗan ka murza, haɗin ya kasance ta bayan mota. A rufin alminiyam mai kwari-kwari, sai ka fara cike kwarin da guntayen tef har ya zo daidai da tudu, sannan tagar ta hau.

Ɗora tagar hinjinta yana fuskantar gaban mota. In aka juya ta, iskar hanya za ta shiga ƙarƙashin murfin ta ɓalle shi. Zura wayoyin ciki tukuna kada leɓe ya danne su. Fara ɗaure kusurwa huɗu, sannan ka riƙa tsallakawa daga wannan gefe zuwa wancan kamar mai ɗaure taya. Da hannu za ka ƙarasa kowane sukuru. Da zarar butil ya fara ɓullowa ta gefen leɓen, ya isa. Matsewa fiye da haka tana fasa filastik, ko ta matse butil ɗin ya fice duka, a bar leɓe a kan rufi tsirara. Yanke abin da ya ɓullo da makankari.

Sai gam. Yanke bakin kwalbar da ɗan faɗi, ka zuba layi mai kauri a bakin leɓen, rabi a kan taga rabi a kan rufi, ba tare da yankewa ba. Sannan ka ɗiga wa kowane kan sukuru har ya nutse, ɗigon ya haɗe da layin gefe. Kada ka bi shi da yatsa. Cikin 'yan mintoci zai baje da kansa ya yi sumul. Taga ɗaya takan cinye kwalba ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Wannan gam na shimfiɗaɗɗen wuri ne kawai, a jikin bango zai zubo, can akwai nasa mara gudu. Wasu sukan rufe leɓen da tef ɗin EternaBond mai faɗin inci 4 a maimakon gam. Yana daɗewa ƙwarai in an danne shi da abin murzawa, amma ranar da za a sake cire tagar, mai aikin zai ji a jikinsa.

A ciki, gwada wayoyi da mita kafin ka haɗa. Wutar bolt 12 ce, kuma a motocin Amurka da yawa farar waya ce ta ƙasa (wato negetif), baƙa ce mai wuta, saɓanin abin da makanikin mota ya saba da shi. Fanka mai allon lantarki tana iya ƙonewa in aka juya su. Yanke adon ciki daidai kaurin rufin, ka ɗaure shi da sukurunsa huɗu.

Gam irin na Dicor yana yin fata cikin 'yan mintoci, ya iya jure ruwa bayan kamar awa 4, amma ka ba shi kwana biyu kafin tafiya ko wanki. Bayan nan sai gwaji: mutum ɗaya a ciki da tocila, ɗaya a sama da tiyo yana sakin ruwa a hankali na minti goma, ba da ƙarfin injin wanke mota ba. Daga nan a riƙa hawa dubawa duk wata uku zuwa shida, musamman gab da damina. Ƙaramar tsaga ba ta bukatar tumɓuke taga: a wanke wurin, a goge da sifirit, a bari ya bushe, a ɗora sabon gam iri ɗaya da tsohon a kai.