Yadda na hana tanar takina guduwa

Sati biyu tanar da nake kiwo don taki tana hawa bangon roba tana mutuwa, ga wari. Na ɗauka zafin Afrilun Sakkwato ne, na ƙara ruwa, abin ya ƙara dagulewa. Ashe abincin ne: ɓawon albasa da na lemu nake jibga mata.

Na kwashe ruɓaɓɓen duka, na huda ramuka 12 a gindin robar. Na shimfiɗa jiƙaƙƙen kwali da tsohon kashin shanu, damshin kamar matsattsen soso. Na kai ta inuwar dogon yaro, na rufe da buhun algarara, kwana 5 ba abinci.

Yanzu ɓawon kankana da na ayaba kawai, cikin tafi ɗaya duk kwana 3, sama-sama, don irin wannan tanar a saman shara take kiwo. Alhamdu lillahi, ta zauna.