Yadda za ka koyi jitar jaz ta intanet ba tare da ka nutse a bidiyo ba

Shekara biyu na yi ina kallon darussan jita a YouTube kafin in gane kallo kawai nake yi. Wayata ta cika da bidiyoyin da nake saukewa da tsakar dare lokacin da data ke araha, amma in na ɗauki jitar don in bi kiɗa ɗaya daga farko har ƙarshe, sai yatsuna su tsaya cak. Abin ya dame ni ƙwarai, don ina ƙaunar jaz har cikin raina. Hanyar da ta fitar da ni ita zan nuna maka.

Jaz kiɗan baƙar fatar Amurka ne, a New Orleans ya tsiro a farkon ƙarni na 20, kuma da kunne masu shi suka koye shi. Charlie Christian, wanda ya shiga ƙungiyar Benny Goodman a 1939 ya rasu a 1942 yana ɗan shekara 25, shi ya nuna wa duniya cewa jitar lantarki za ta iya tsayawa gaba ta yi magana kamar abin busa. Wes Montgomery kuwa a gidansa na Indianapolis ya zauna da faya-fayan Christian yana kwaikwayo, sauti bayan sauti, da babban yatsa yake kaɗawa don kada ƙara ta dami jama'a da dare. Shi sai ya yi ta mayar da allura kan faifai. Kai kuwa maɓalli ɗaya za ka taɓa ka rage gudun bidiyo zuwa 0.75 ko 0.5, sautin bai canja ba. A ganina wannan maɓallin ya fi duk wani abu da intanet ta ba mai koyo.

Ka zaɓi malami ɗaya ka bi shi wata uku. Akwai na kirki da yawa, irin su Jens Larsen da ke koyarwa kyauta a YouTube, akwai kuma tsofaffin darussan marigayiya Emily Remler. Ko wane ka ɗauka, ka sauke darasi ɗaya, ka kashe data, kada ka buɗe wani sai wannan ya zauna a yatsunka.

Yanzu ɗauko jitar. Tsirkiya mafi kauri ita ce ta 6, mafi siranta ta 1, ƙarafan da ke kwance a wuyan jita kuma sun raba shi gaɓa-gaɓa. Kod uku, wato sautukan da ake kaɗawa tare lokaci ɗaya, za ka fara da su: Dm7, G7, Cmaj7. Su ake kira biyu-biyar-ɗaya, kuma da wuya ka ji kiɗan jaz na gargajiya da ba su ratsa cikinsa ba. Ka manta da manyan kod masu cin yatsu huɗu da tsirkiya shida, sauti uku sun wadatar. A Dm7, danna tsirkiya ta 5 a gaɓa ta 5, ta 4 a gaɓa ta 3, ta 3 a gaɓa ta 5. A G7, tsirkiya ta 6 a gaɓa ta 3, ta 4 tana nan a gaɓa ta 3, ta 3 ta sauko gaɓa ta 4. A Cmaj7, tsirkiya ta 5 a gaɓa ta 3, ta 4 ta sauko gaɓa ta 2, ta 3 tana nan inda take.

Dubi abin da ya faru a tsirkiya ta 4 da ta 3. Daga kod na farko zuwa na biyu, F ta tsaya, C ta zame gaɓa ɗaya ta zama B. Daga na biyu zuwa na uku, B ta tsaya, F ta zame ta zama E. Waɗannan su ne sauti na uku da na bakwai na kowane kod, su ke faɗa wa kunne inda ake da inda za a. Ranar da na fara kaɗa su su kaɗai, ba tare da tushen kod ɗin ba, wato sautin ƙasa da kod ya samo sunansa, na ji tafiyar kiɗan gaba ɗaya tana fitowa daga tsirkiya biyu, tsigar jikina ta tashi. Na daɗe a wurin ina maimaitawa har aka kira magariba.

Sai maganar bugu, inda masu koyo su kaɗai suka fi rauni don babu mai ganga kusa da su. Sauke metronom a waya, wato manhajar da ke ƙara a kai a kai don riƙe bugu, sa shi a 50, ka ɗauki kowace ƙararsa a matsayin bugu na 2 da na 4. Na 1 da na 3 kai za ka riƙe su a cikinka. Kwanakin farko zai riƙa juye maka, ka ƙirga da baki kana taka ƙafa har ya daidaita. Ka kaɗa kod sau huɗu a kowane zango (bugu huɗu ke nan), gajeru, kana sassauta yatsun hagu bayan kowane bugu don sautin ya yanke. Wannan ne aikin da mai jita Freddie Green ya yi a ƙungiyar Count Basie kusan shekara 50, daga 1937, kuma a kansa dukan ƙungiyar ta jingina.

Filin da za ka fara ƙirƙira da ka shi ne buluz mai zango 12. A F ga yadda yake: F7, Bb7, F7, F7, Bb7, Bb7, F7, D7, Gm7, C7, F7, C7. Ka haddace shi kamar sunanka. Ga wani abin daɗi a ciki: danna tsirkiya ta 4 a gaɓa ta 7 da ta 3 a gaɓa ta 8, ka sami F7. Ja hannun baya gaɓa ɗaya yadda yake, ka sami Bb7. Tura shi gaba gaɓa ɗaya daga inda ka fara, ka sami C7. Manhajar iReal Pro za ta kaɗa maka ganga da bas a ƙarƙashi, in kuma kuɗinta ya yi maka nauyi, akwai irin wannan rakiya kyauta birjik a YouTube.

Wanda ya taso yana jin jitar Agadez ta su Bombino, tsanin sauti biyar ba baƙo ba ne a kunnensa, kuma zai hau kan buluz lafiya lau: F, Ab, Bb, C, Eb. Sai dai in ka tsaya a nan, kod za su yi ta wucewa a ƙarƙashinka kai kana faɗin abu ɗaya. Gyaran ƙarami ne. A zangon farko ka sauka kan A, a na biyu ka sauka kan Ab, a na takwas ka nemi F#. Mai sauraro nan take zai ji ka san inda kake.

Kuma kada ka cika fili. Mun san yadda mawaƙi ke jefa baiti ya yi shiru 'yan amshi su karɓa. Ka yi wa kanka haka: zango biyu ka yi tambaya, zango biyu ka ɗaga hannu, sannan ka ba da amsa. In za ka iya, ka rera jimlar da baki tukuna kafin ka neme ta a tsirkiya. Abin da bakinka ya kasa rerawa, yatsu ne kawai ke yawo.

Kowane mako ka ɗauki jimla ɗaya daga wani gwani, wadda ba ta wuce zango biyu ba. Grant Green na fi ba mai farawa, don sauti ɗaya-ɗaya yake bi kuma a fili yake. Kada ka nemi rubutunta a intanet ko da akwai. Rage gudu, saurara, rera, lalubo. Jimlata ta farko kwana huɗu ta ci mini. In ta zauna, ka gwada ta a Bb, ka gwada a C, ka canja mata ƙarshe, ka fara ta daga wani bugu, har ta daina kama da ta mai ita.

Masu ƙorafin gajerun yatsu ko jitar gwanjo, ina tuna musu Django Reinhardt. Gobara ta lalata masa hannun hagu a 1928, da yatsu biyu ya riƙa yin yawancin gudunsa, ya kuma zama abin koyi daga Faris har Amurka. Jitar katako ta isa, ba ta ma jiran a kawo wuta. Ka dai canja tsirkiya in ta yi tsatsa, ka sa mai gyara ya rage tazararta da wuya in tana yanka maka yatsa.

Abu ɗaya bidiyo ba zai yi maka ba, wato ya ji ka. Don haka duk Juma'a da yamma nake jingina waya da bango in naɗi kaina ina bin buluz sau uku, in bar shi sai gari ya waye in saurara. A nan na gano ina gudu duk lokacin da na kusa zango na 9, abin da ban taɓa ji ba ina cikin kaɗawa. Na mayar da metronom 40, na yi mako biyu a kan zango na 8 zuwa na 11 kawai. Yanzu naɗin nan nake tura wa wani abokina mai buga piyano ta WhatsApp, shi ma ya turo nasa, kowa ya faɗi abu ɗaya da ya ji a na ɗan'uwansa.