Fanka da ƙarfen sanyaya furosesa: abin da za ka duba kafin ka zaro kuɗinka

Da zaran watan huɗu ya kama, zafi ya fara dukan Maradi, sai ka ga masu sibar da masu shagon buga takardu suna sauke kwamfuta daga bayan kabu-kabu a ƙofar shagona, maganar duk ɗaya ce, "Malam tana mutuwa da kanta, kuma fankar tana kuka kamar injin niƙa". Rabinsu sun riga sun yanke cewa sabuwar fanka za su saya, wani ma ya riga ya sayo wata mai fitila shuɗi da ja, an zo ɗaurawa ramukan ba su hau ba.

To kafin ka sayi komai, cire wuta, buɗe akwatin ka leƙa. Ƙurar hunturu tana shiga tsakanin haƙoran ƙarfen nan da wasu ke ce ma radiyata ta daskare kamar bargo, fanka na juyawa amma iska ba ta wucewa. Ka hure ta, ka dafe fankar da yatsa kada iskar ta riƙa juya ta da ƙarfi, ka goge tsohon man da ke tsakanin ƙarfen da furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, wanda ya bushe kamar laka, ka sa sabo. Wallahi sau da yawa nan maganar ke ƙarewa. In fankar ce ta mutu ko ƙafafun roba da ke riƙe ta sun karye, to sai saye.

Abu na farko soket, wato gurbin da furosesa ke zaune. Sunan yana rubuce a jikin kart-mer, wato babban allon da kayan kwamfutar ke kai, kusa da gurbin, ko ka sa manhajar CPU-Z ta gaya maka. Pentium 4 na ƙarshe-ƙarshe da Core 2 Duo da Core 2 Quad suna kan LGA775, wanda ya fito a 2004, tazarar ramukan ɗaura fankarsa milimita 72. Su kuma soket 1156, 1155, 1150, 1151 har 1200 duk milimita 75 ne, fanka ɗaya ke hawa dukkansu, shi ya sa ta i3 ko i5 ba ta wahalar samu. Milimita 3 ɗin nan da ke tsakani kada ka raina shi, ta 775 ba ta zama kan 1155 ko da ka danna da gwiwa, sai dai ka fasa kart-mer. Na AMD kuwa, AM2, AM3, FM1, FM2, ƙugiya ce ake maƙalawa a kunnuwan roba biyu, ita ma ɗaya ce gare su. Abu ɗaya da AMD, in za ka cire tsohon ƙarfen ka kunna kwamfutar ta ɗan yi ɗumi tukuna, sannan ka murza shi hagu da dama, in ka fizga kai tsaye furosesa zai biyo shi da alluransa a lanƙwashe, na ga wannan ya fi a ƙirga.

Sai wat. Kowane furosesa akwai yawan zafin da yake fitarwa, ana rubuta shi TDP. Core 2 Duo E8400 wat 65 ne, i3-2100 ma 65, i5-3470 yana 77, i5-2400 yana 95, Core 2 Quad Q6600 95 ko 105 gwargwadon fitowarsa, Phenom II X4 955 da FX-8350 kuwa har 125. Nan ne nake saɓawa da abin da ke rubuce a kwali. Wanda ya rubuta adadin yana lissafi da ɗaki mai sanyi ne, mu kuwa shago ne mai rufin kwano, rana ta wuce digiri 40 a waje, iskar da fanka ke jawowa ita kanta mai zafi ce, don haka ni in furosesa 65 ne ina neman abin da zai ɗauki 95.

Kuma ga wata dabara da ba kowa ya sani ba. Fankar Intel ta asali iri biyu ce, ka juya ta ka dubi ƙasa, wata farar sanholo ce zalla, wata kuma akwai jan ƙarfe zagaye a tsakiya kamar kwabo. Mai jan ƙarfen an yi ta ne don masu zafi, kuma a wurin masu tsofaffin kaya sau da yawa kuɗinsu ɗaya don mai sayarwa bai damu da bambancin ba. Ni dai da in sayi sabuwa marar suna wadda in ka ɗaga ba ta da nauyi ko kaɗan, gara wannan tsohuwar ta asali. Ka duba ƙafafu huɗun kawai, fararen tsinin kada ya zama ɗaya ya karye, ka juya fankar da yatsa ka ji ko tana gurzawa ko tana rawa.

In furosesan mai wat 95 ne zuwa sama kuma kana aiki mai nauyi, hoto ko bidiyon biki, to ka ƙara kuɗi ka sayi mai tsaye mai bututun jan ƙarfe, irin Deepcool Gammaxx 400 ko Cooler Master Hyper 212, bututu huɗu da fanka mai milimita 120. Amma auna akwatinka tukuna, Hyper 212 tsayinsa ya kusa santimita 16, akwatuna da yawa murfin ba ya rufuwa. Kuma ka tambayi mai kawo maka daga Kano ko ƙarafunan ɗaurawa na soket ɗinka suna cikin kwalin, don sababbin fitowa da yawa sun daina sa na 775.

Yawancin kwamfutocin da ke garin nan kuwa Dell OptiPlex ne da HP 'yan sirara na ofis, su nasu daban ne gaba ɗaya, da kusoshi ake ɗaure ƙarfen, Dell da yawa kan wayar fankarsu mai allura 5 ne, ka sa wata sai ta tsaya tana ce maka danna F1 duk kunnawa. Waɗannan ka nemi wadda aka ciro daga mushen irinta, ka tafi da tsohuwar a leda a gwada ido da ido. A sauran kwamfutoci waya mai allura 4 ta fi, don tana rage gudu da ƙarawa gwargwadon zafi, mai 3 ma tana shiga gurbin 4 sai dai galibi ta yi ta gudu ɗaya da ƙara.

Wajen ɗaurawa, ɗigon man furosesa kamar ƙwayar wake a tsakiya ya isa, ba shafe-shafe, kuma don Allah ban da man goge baki, kwana kaɗan yake bushewa. Sabon ƙarfe akwai leda a ƙasansa, ka ɓare ta. Wani ƙanena ya taɓa ɗaurawa da ledar, kwana uku yana zagin mai shago kafin ya kawo mini. Ƙafafun Intel ka danna biyu masu kallon juna a kusurwa sai ka ji ƙas, sannan sauran biyun, ka leƙa bayan kart-mer in da hali ka ga duk huɗun sun fito.

Daga nan ka kunna, ka sa manhajar auna zafi irin Core Temp ko HWMonitor, ka gwada da rana tsaka wajen azahar ba da asuba ba. In ba ta aikin komai tana tsakanin digiri 40 da 50 a zafinmu ba laifi, in ka ɗora mata aiki ta wuce 80 tana neman 90, kashe ta ka sake duba ƙafafun, galibi ɗaya ce ba ta shiga ba.