Yadda Dattijo Zai Samu Nishaɗi Bayan Ajiye Aiki

Dattijon da ya ajiye aiki ya fara da tsara safiyarsa. Bayan sallar Asuba ya karanta izu biyu, tun da Alƙur'ani izu sittin ne, ta haka zai riƙa sauka duk wata ba tare da ya takura kansa ba. Idan ido ya raunana, sauraron ƙira'a a waya ya wadatar. Da yamma ya sa jikoki su nemo masa waƙoƙin kalangu ko kuntigi na zamanin samartakarsa, yana bayyana musu ko su wane ne aka wasa a ciki, su kuma suna naɗar muryarsa. Mazaunin Kano ya leƙa gidan tarihi na Gidan Makama, amma da hantsi, kafin rana ta take.