Dala da riyel a Kambodiya: inda baƙo ya fi yin tuntuɓe

A Kambodiya kuɗi biyu ne ke kwana a aljihu ɗaya, dalar Amurka da riyel, kuɗin ƙasar. Gwamnatin Khmer Rouge ta soke kuɗi ɗungurungum a 1975, riyel bai dawo ba sai 1980, sannan ayarin Majalisar Ɗinkin Duniya ya shigo da daloli masu yawa a 1992 da 1993. Tun daga nan kuɗin otal da hayar gida suka koma dala, cefane kuma riyel.

Kuskuren da ya fi cin mutane shi ne zuwa da dalar da ta sha jiki. 'Yar yagewa a gefe, ko ɗigon biro a fuskar takardar, ya isa mai shago a Phnom Penh, babban birnin ƙasar, ya ɗaga ta sama, ya juya ta, ya miƙo maka abarka. Ba wulaƙanci ba ne, shi ma yana gudun ta maƙale a hannunsa. Riyel kuwa ko ta yamutse ana karɓa. Ka taho da sababbin takardu, kada ka ninke su. Idan an ba ka canjin dala, duba ta nan take a gaban mai ba ka, domin in ka juya baya ta zama taka.

Sai rigimar canji. Sulallan Amurka ba sa yawo a can, don haka duk abin da bai kai dala ɗaya ba da riyel ake mayarwa. A kasuwa dala ɗaya riyel 4,000 ce, wasu shagunan 4,100. Ka sayi kayan dala biyu da rabi, ka ba da dala biyar, a miƙo maka riyel 10,000. Ba a cuce ka ba, lissafin daidai yake. Ka riƙe a ka cewa riyel 1,000 kwatan dala ce, sauran zai zo da sauƙi.

Kada ka miƙa wa mai tuk-tuk, wato keken haya mai inji irin adaidaita sahu, dala ɗari, ba shi da canjinta. Tun 2020 babban bankin ƙasar ke janye takardun dala ɗaya, biyu da biyar don ƙarfafa riyel, saboda haka ka fasa babbar takarda wurin ɗan canji, ka ajiye riyel na zirga-zirga.

Ranar tafiya kuma ka kashe riyel ɗin da ya rage ko ka canza shi, domin da wuya ka sami mai karɓarsa a wajen ƙasar.