Kurakuran da ke rage wa wanda ya ji rauni a haɗarin mota diyyarsa

Da yawa daga cikin mutanen Damagaram suna ɗaukar diyyar haɗari kamar cinikin Kasuwar Dole, inda mai kaya zai faɗi nasa, mai saye ya taya. A Nijar kuwa dokar asurans ta CIMA (ƙungiyar ƙasashen Afirka da suka haɗa dokokinsu na asurans), wadda ta fara aiki a 1995, ita ce ta tsara lissafin, kuma ma'auninta shi ne mafi ƙarancin albashi da ake kira SMIG, wanda ya koma sefa 42,000 a wata tun Janairun 2024, wato 504,000 a shekara. Wanda bai san wannan ba, ko ya nemi abin da doka ba ta bayarwa, ko ya karɓi abin da bai kai haƙƙinsa ba.

Kuskuren da ya fi cin mutane shi ne sulhun bakin hanya. Mota ta buge ɗan kabu-kabu, jama'a sun taru ana cewa ƙaddara ce, direba ya miƙa jika ashirin na magani, aka watse ba tare da jandarma ko ɗan sanda ya rubuta konsta, wato rahoton haɗarin, ba. Yafiya abu ne mai kyau, amma ya kamata a sani cewa kamfanin asurans ne ke biya, kuma kamfani ba ya duba maganar da ba ta da takarda. Gyaransa shi ne a jira hukuma ta auna wurin, a rubuta lambar motar da sunan kamfanin da ke jikin takardar asurans ɗinta.

Haka nan wanda ya karye ya zarce gidan maɗori bai bi ta asibiti ba. Ƙashi zai iya haɗuwa, sai dai maɗori ba ya ba da shaidar likita, alhali a kanta ake gina komai. A karɓi takardar likita ta ranar farko, a adana hoton ƙashi da takardun magani da kowane rasit, domin kuɗin jinya da hujja ake mayar da shi.

Gaggawar sa hannu ita ma tana da tsada. Ba a sanin nakasar da za ta dawwama sai likita ya tabbatar cewa raunin ya tsaya inda zai tsaya, sannan ya ƙayyade ta da kaso cikin ɗari, a haɗa da shekarun mutum a fitar da kuɗin. Raɗaɗin da aka sha da tabon da ya ɓata siffa kowannensu yana da nasa lissafi daban, daga kaso 5 cikin ɗari na SMIG ɗin shekara ga mafi sauƙi har zuwa 300 ga mafi tsanani. Matakin da ake ba kaso 20, misali, sefa 100,800 ke nan. Asarar abin da mutum zai riƙa samu nan gaba ba ta shiga sai nakasar ta kai kaso 50. Idan an riga an sa hannu a kan yarjejeniyar da ta saɓa wa doka, akwai kwana 15 na janyewa a rubuce.

Ga ɗan kasuwa da manomi akwai wani tarko. Ma'aikaci yana nuna takardun albashinsa na wata shida, ɗan kasuwa yana nuna takardun harajinsa na shekara biyu, amma wanda ba shi da shaidar abin da yake samu, da SMIG za a lissafa masa kwanakin da ya yi a kwance, ko da cinikinsa ya ninka hakan sau biyar.

Sai kuma jinkiri. Wa'adin kai ƙara shekara biyar ne daga ranar haɗarin, kuma tun kafin ya cika shaidu sun watse, rasit ya koɗe a ƙasan akwati.